Bitar DataMapper na IMF: Auna Giɓin Kasafi da Bashin Najeriya da Nijar

Tun da aka bar kasuwa ta yanke wa naira farashi a watan Yunin 2023, jakar sefa, wato sefa dubu, ta yi tashin gwauron zabi, akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin 'yan canji da fataken da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Kongolam daga Daura zuwa Damagaram: tsakanin Najeriya da Nijar, wace ce bashi ya fi yi wa katutu? Wannan ya ce Najeriya ta ci bashi har iya wuya, shi ya sa kuɗinta ya koma takarda. Wancan ya ce, "Haba Alhaji, ƙasar da sai an tallabo ta daga waje take haɗa kasafi?" Kowa da abin da ya tsinta a rediyo. To akwai inda za a kai wannan shari'a ba tare da an biya ko sisi ba. Sunansa DataMapper.

Shafi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, a adireshin imf.org/external/datamapper. Ba rajista, ba lambar sirri, ba a tambayarka imel. Aikinsa shi ne ya ɗebo alƙaluman da ke cikin manyan rahotannin Asusun ya shimfiɗa maka su a taswira, da zanen layi, da jerin ƙasashe. Rumbuna uku ne suka shafi batunmu: World Economic Outlook, da Fiscal Monitor, da rahoton yankin Afirka kudu da Sahara. Sau biyu ake sabunta su a shekara, Afrilu da Oktoba. Ga mai son ganin inda bashin ƙasa ya dosa cikin shekara ashirin, a cikin na kyauta babu wanda ya kamo ƙafarsa. Amma ga mai son yanke hukunci tsakanin Abuja da Yamai, lambar da shafin zai fara nuna masa ita ce ta fi saurin kai shi ta baro.

Shiga ba wuya. Ka zaɓi rumbu, ka zaɓi ma'auni, sannan ka zaɓi ƙasashe. Ma'auni biyu kake nema tun farko. Na ɗaya jimillar bashin gwamnati, lambarsa GGXWDG_NGDP. Na biyu giɓin kasafi, wato ratar da ke tsakanin abin da gwamnati ta samu da abin da ta kashe, lambarsa GGXCNL_NGDP. Dukkansu ana bayar da su ne a matsayin kashi cikin ɗari na arzikin shekara, wato duk abin da ƙasa ta samar ta noma da kiwo da fatauci da ma'adinai da sana'o'i cikin wata goma sha biyu, abin da ake taƙaitawa da GDP. Ga gajeriyar hanya mai rage cin data: bayan adireshin shafin ka ƙara /GGXWDG_NGDP@WEO/NGA/NER, zai buɗe maka ƙasashen biyu a zane ɗaya kai tsaye. NGA Najeriya ce, NER Nijar. Ka riƙe waɗannan haruffa da kyau, domin a jerin sunayen biyun suna manne, ɗaya a kan ɗaya, kuma yatsa a fuskar waya ba ya tambaya. Ɗalibi na iya kwafe alƙaluman Yamai ya liƙa wa Abuja a kundinsa bai sani ba. A ma'aunin giɓi kuma, alamar ragi a gaban lamba ita ce giɓin: -5 ya fi -3 muni.

Rami na farko a bakin ƙofa yake. Shafin yana buɗewa ne a kan shekarar da ake ciki, alhali shekarar ba ta ƙare ba. Abin da ka gani hasashen ma'aikatan Asusun ne, haka ma shekaru biyar da ke gaba. Ko bara ma sau da yawa ƙiyasi ce, don ba a gama rufe littattafai ba. Ka ja sandar shekaru baya da shekara biyu kafin ka ɗauki lamba ka shiga majalisa da ita. Wanda ya sauke cikakken rumbun World Economic Outlook zai ga gurbi a gefe da ke faɗin shekarar da ƙiyasi ya fara ga kowace ƙasa, kuma wannan gurbin ya fi taswirar amfani. Ita taswira ado ce. Launukanta zango-zango ne masu faɗi, ta yadda ƙasa mai kashi 49 da mai kashi 51 za su sha bamban a launi, mai 27 da mai 49 kuma su fito kamar Hassan da Husaini.

Yanzu ga babban ramin. Idan ka buɗe zanen bashi za ka ga layukan biyu suna yawo a tsaka-tsaki, nesa da irin su Masar. Nijar tana kewayen kashi 50 a 'yan shekarun nan, Najeriya kuma a sabon lissafi ta sauko ƙasa da haka. Mai gaggawa zai ce magana ta ƙare. Sai dai kaso lissafin rabawa ne, akwai lambar sama akwai ta ƙasa, kuma ta ƙasan tana motsi. A ƙarshen 2024 Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya ce bashin gwamnatin tarayya da jihohi 36 da Abuja ya kai naira tiriliyan 144.67. A tsohon lissafi arzikin shekarar kusan tiriliyan 269 ne. Raba ka gani: kashi 54 saura kaɗan. A Yulin 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake ma'auni, ta matso da shekarar tushe daga 2010 zuwa 2019, ta shigo da sana'o'in da ba a ƙirga su da kyau a da, arzikin wannan shekara ta 2024 ya koma tiriliyan 372.8. Sake rabawa: kashi 39 saura kaɗan. Maki goma sha biyar sun ɓace, ba a biya kowa ko kwabo ba.

Wannan ba maguɗi ba ne. Ƙasashe suna yi, kuma ya kamata a yi, domin tattalin arzikin da ya cika da waya da POS ba a auna shi da mudun da aka sassaƙa tun kafin zuwansu. An taɓa yi a 2014, lokacin da arzikin Najeriya ya yi tsalle zuwa kusan dala biliyan 510 ya wuce na Afirka ta Kudu. Inda DataMapper ya gaza shi ne zanen layin ba ya nuna maka inda aka canza mudu. Da sabon lissafi ya shiga, har shekarun baya ake gyarawa, don haka hoton da ka ɗauka a Afrilu na iya ƙaryata wanda abokin gardamarka ya ɗauka a Oktoba, kuma kowannenku gaskiya ya kwafo.

Ko da mudun bai motsa ba, arzikin shekara ba na gwamnati ba ne. Geron da ke rumbun manomin Mashi, da shanun kasuwar Mai'aduwa, da cinikin mai shago a Babbar Kasuwar Katsina, duk suna cikin GDP, amma ba da su ake sallamar mai bin bashi ba. Da abin da ya shiga baitulmali ake biya. A nan Najeriya take da rauni: a 2021 abin da gwamnatocinta suka tara bai kai kashi 10 cikin ɗari na arzikin shekara ba, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 hidimar bashi ta lashe kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati. A kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99, an ware tiriliyan 14.32 don hidimar bashi, sama da rubu'i ke nan. Ƙasa na iya fitowa da launi mai sanyi a taswira, alhali baitulmalinta na numfashi da ƙyar.

Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne nawa kuɗin ruwa ke ci daga kuɗin shiga. A Fiscal Monitor ba za ka same shi a dafe ba, sai ka dafa da kanka, kuma aikin minti biyar ne. Ka ɗauko lambobi uku na shekara ɗaya ga kowace ƙasa: giɓin gaba ɗaya, da giɓin da ba a sa kuɗin ruwa a ciki ba, da kuɗin shiga. Ratar da ke tsakanin na farko da na biyu ita ce kuɗin ruwa. Ka raba ta da na uku. Ga misali da lambobin da aka ƙago don koyo kawai: ƙasa mai giɓi -5, wanda idan aka cire ruwa ya koma -2, kuɗin ruwanta 3 ne, in kuɗin shigarta 9 ne, sulusi ya tafi. Wata mai giɓi -5 ɗin dai, amma ya koma -3.5 bayan cire ruwa, kuɗin shigarta 15, kashi goma kawai take bayarwa. Giɓi iri ɗaya, ciwo daban. Idan ka yi wannan lissafi da lambobin gaske za ka ga dalilin da ya sa Nijar, duk da talaucinta, ta daɗe ba ta jin nauyin ruwa kamar yadda Najeriya ke ji: yawancin bashinta na waje mai rangwame ne daga irin su Bankin Duniya, ruwa kaɗan, wa'adi mai tsawo. Najeriya kuwa sama da rabin nata a kasuwar cikin gida take ci, inda ruwa ya haura kashi 15 a shekarun nan, ga kuma takardun lamuni na Eurobond da take sayarwa a waje tun 2011, irin na dala biliyan 2.2 da ta fitar a Disambar 2024.

Kafin mai goyon bayan Yamai ya yi murna, ya buɗe rumbun yankin Afirka. Shi ne ya fi sauran biyun amfani ga wannan kwatanci, kuma shi aka fi tsallakewa. A can ana bayar da giɓi iri biyu: wanda aka haɗa da tallafin kyauta na ƙasashen waje, da wanda aka cire shi. Ga Najeriya layukan biyu kusan a haɗe suke, don tallafin da ke shiga kasafinta bai taka kara ya karya ba. Ga Nijar akwai rata mai faɗi ta maki da dama. Lambar da World Economic Outlook ke nunawa ta haɗa da tallafi, wato ta lissafa kyautar maƙwabci a cikin cinikin shago. Duk wanda ya kwatanta ƙasashen biyu bai duba layin da aka cire tallafi ba, rabin labari ya karanta.

Sai batun kuɗin da aka ci bashin da shi, wanda shi ne asalin abin da ke ƙona 'yan canji. A ƙarshen 2023 bashin Najeriya naira tiriliyan 97.34 ne, daidai da dala biliyan 108.23. A ƙarshen 2024 ya zama tiriliyan 144.67, amma a dala ya sauko zuwa biliyan 94.23. Mai cewa bashi ya ƙaru da kusan rabi bai yi ƙarya ba, mai cewa ya ragu ma bai yi ba. Dubi na waje kaɗai: daga dala biliyan 42.50 zuwa 45.78, ƙarin da bai kai biliyan uku da rabi ba. Amma canjin da aka lissafa da shi ya tashi daga kusan naira 899 zuwa kusan 1,535. Ninka biliyan 42.5 da ratar naira 636, za ka sami kusan tiriliyan 27. Wato daga ƙarin tiriliyan 47 na wannan shekara, sama da rabi faɗuwar naira ce ta kumbura tsohon bashi, ba sabon rance ba ne. DataMapper zai nuna maka layi ya yi sama, ba zai gaya maka wane ɓangare ne rance, wane ne canji ba.

Nijar ba ta da wannan ciwon a irin wannan siga. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma rabon da a karya darajarta tun Janairun 1994. Bashin da ta ci da sefa ko da yuro ba ya kumbura dare ɗaya. Amma akwai abin da ta bayar a madadin wannan kwanciyar hankali. Babban bankinta, BCEAO, a Dakar yake, na ƙasashe takwas ne, kuma dokarsa ta hana shi ba gwamnati rance kai tsaye don cike giɓi. Idan Yamai na son kuɗi sai ta je kasuwar yankin ta hannun UMOA-Titres, hukumar da ke shirya wa gwamnatocin yankin irin wannan ciniki, ta sayar da takardun lamuni, bankunan Abidjan da Dakar da Lome su saya in sun ga dama. Wannan bashi a littafi na cikin gida ake kiransa saboda da sefa ne, alhali masu binsa da yawa ba 'yan ƙasa ba ne.

Najeriya kuwa tana da ƙofar baya, kuma ta bi ta har ta gaji. Dokar Babban Banki ta 2007 ta yarda ya ba gwamnati rancen wucin gadi da bai wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata ba. Abin ya taru har naira tiriliyan 22.7, sai a Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango, shekara 40, ruwa kashi 9. Kafin wannan rana ba ya cikin jimillar DMO, shi ya sa ofishin ya bayar da kashi 23.2 a ƙarshen 2022, yayin da lambar IMF ta lokacin ta haura kashi 35, don Asusun yana ƙirga shi tun yana rance. A nan DataMapper ya cancanci yabo: ya fi teburin gida nuna ainihin nauyin a waɗannan shekaru. Kuma shi ya sa wanda ya ga jimillar DMO ta yi tsalle daga tiriliyan 46.25 a Disambar 2022 zuwa 87.38 a Yunin 2023 bai kamata ya ɗauka an ciwo tiriliyan 41 cikin wata shida ba. Tsohon bashi ne aka fito da shi daga ƙuryar ɗaki, sai faɗuwar naira ta ɗora nata.

Shekarar 2023 a layin Nijar ita ce ta fi nuna iyakar shafin. Giɓinta ya haura kashi 6 a 2022, a 2023 ya ragu. Wanda bai san abin da ya faru ba zai ce an tsuke bakin aljihu. Mutanen Jibiya da Daura sun san abin da ya faru, don a gabansu manyan motoci suka yi layi a kan iyaka. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30, BCEAO ya rufe asusun gwamnati ya soke cinikin takardun lamunin da aka shirya, masu ba da tallafi suka janye hannu. A Oktoba gwamnatin soja ta zabge kasafin da kashi 40 cikin ɗari, daga sefa tiriliyan 3.29 zuwa 1.98. Giɓi ya ragu ne saboda babu mai ba da rance, kamar magidancin da masu shago suka daina ba shi kaya bashi. Zuwa Fabrairun 2024 biyan da ƙasar ta tsallake ya kai kusan sefa biliyan 313. An ɗage takunkumin ranar 24 ga watan, ta koma kasuwar yankin a Afrilu, kuma a watan ne ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na China a kan man da za ta fitar ta bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya fitowa a zanen. Layi ne kawai ya ɗan lanƙwasa.

Akwai wani abu da zai ba ka sha'awar ja layi ɗaya a kan zanen biyu: ƙasashen duka suna da iyakar giɓi ta kashi 3 cikin ɗari. Ta Najeriya tana cikin dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, kuma ta bar ƙofa idan shugaban ƙasa ya ga barazana ga tsaron ƙasa. Ta Nijar ƙa'idar UEMOA ce, ƙungiyar ƙasashe takwas ɗin nan masu kuɗin sefa, tare da iyakar bashi ta kashi 70, kuma an jingine ta a Afrilun 2020 saboda korona. Kada ka yi saurin ja. Kashi 3 na Najeriya kasafin tarayya yake aunawa, lambar DataMapper kuma ta haɗa har jihohi. Nijar ba tarayya ba ce, kusan duk nauyin a wuyan Yamai yake. Sannan abin da shafin ke nunawa ba shi ne abin da majalisa ta zartar ba, abin da aka kashe ne ko aka ƙiyasta an kashe. A Najeriya, inda aka yi ta tsawaita ɓangaren ayyuka na kasafin 2023 cikin 2024, na 2024 kuma cikin 2025, ratar takarda da aiki ba ƙarama ba ce. Bashin 'yan kwangila da 'yan fansho da aka ƙi biya shi ma yana rage giɓi a ido, matuƙar da kuɗin da ya fita hannu ake lissafi.

Kuma shafin abin da gwamnatoci suka kai masa yake tacewa ya bayar. Senegal, wadda suke kuɗi ɗaya da Nijar, ta nuna haka: a Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗinta ta gano bashin ƙarshen 2023 kashi 99.67 ne, ba 74.41 da aka sanar ba, giɓin kuma kashi 12.3 ne maimakon 4.9. Shekara da shekaru layinta na tafiya lafiya lau a kan lambobin da ba su ne ba.

Abin da babu shi sam ya fi shafar mai karatu a Katsina. Babu jihohi. Mai son sanin bashin jihar Katsina sai ya je shafin DMO, inda ake fitar da na cikin gida jiha-jiha duk wata uku, na waje kuma sau biyu a shekara; ya tuna cewa biyan na waje tun daga tushe ake cire shi, kafin kason wata-wata ya iso jiha. Babu sunayen masu bin bashi. A teburin DMO ne za ka ga cewa Bankin Duniya ne kan gaba a masu bin Najeriya na waje, China kuwa da ake ta yayatawa kusan dala biliyan 5 take bi, kashi ɗaya cikin tara ko makamancin haka. Babu kuma abin da aka yi da kuɗin. Rancen da ya tafi layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya, da rancen da ya tafi tallafin mai ya ƙone a salansa, launi ɗaya suke a zane. Haka sukuk, wato takardun lamuni bisa tsarin Musulunci: na farko a 2017, naira biliyan 100, shekara bakwai, ladan haya kashi 16.47, an gina shi a kan hanyoyin mota don kauce wa riba, amma a littafin ƙasa bashi ne kamar kowane.

Don haka shafin ba ya tafiya shi kaɗai. Abokan tafiyarsa biyu ne, DMO ga Najeriya, UMOA-Titres ga Nijar, inda ake wallafa sakamakon kowane ciniki: nawa aka nema, nawa aka samu, a kan wane ruwa, zuwa wane wa'adi. Idan ka ga ƙasa ta nemi na shekara biyar masu saye sun ruga kan na wata goma sha biyu, ka san amana ta yi ƙasa, ko da layin DataMapper bai motsa ba. Sai dai takardun can da Faransanci suke, kuma rubutun lambarsu juyin namu ne: waƙafi a inda muke sa ɗigo, ɗigo ko fili a inda muke sa waƙafi. Miliyar da kake ji a gidajen rediyon Maraɗi biliyan ce. Idan ka ga an rubuta miliyar 1.500,5 ba biliyan ɗaya da rabi ba ne, tiriliyan ɗaya da rabi ne. Kada kuma ka mayar da sefa naira da canjin yau don auna bashin bara. A ƙarshen 2024 jaka ɗaya tana kewayen naira 2,400 zuwa 2,500, kafin Yunin 2023 ba ta kusa nan ba. Kalmar dala ma tana da nata tarko a wannan yanki, don a bakin mutumin Maraɗi dala sefa biyar ce.

Ta fuskar amfani, shafin na kwamfuta ne aka matsa shi cikin waya. Taswirar tana da nauyi idan sabis ya yi rauni, kuma laluben shekara guda a kan siririn layi da babban yatsa aikin haƙuri ne. Babu Hausa. Ga ɗalibin tattalin arziki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam ko ta Dutsinma, da ɗan jaridar da ke shirya shirin rediyo kan kasafi, ya cancanci zama wurin farawa, da sharaɗin za a yi lissafin kuɗin ruwa a kuma duba layin da babu tallafi. Ga ɗan kasuwar da ke son sanin ko ya riƙe sefa ko naira zuwa kaka, ba nan ne wurin ba. Lambobinsa na shekara-shekara ne, kasuwar canji kuwa da safe daban da yamma daban.

Mafi sauƙi shi ne ka shiga sau ɗaya a shagon kwamfuta, ka danna maɓallin saukewa ka karɓi teburin Excel na ma'auni biyar: bashi, giɓi, giɓin da babu ruwa, kuɗin shiga, da giɓin da babu tallafi. Ka goge sauran ƙasashe ka bar layi biyu a kowane, ka ɗauki daga 2004, shekarar da Nijar ta cika sharuɗɗan yafiyar bashi ta ƙasashe matalauta, don zanen ya kama 2005 da 2006 lokacin da ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris Club ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18 ita kuma ta biya kusan 12. A sunan fayil ɗin ka rubuta wata da shekarar fitowar, Afrilu ko Oktoba, kuma in za ka ƙara wata ƙasa daga baya, irin su Ghana ko Chadi, ka sake sauke dukkansu tare daga fitowa ɗaya.